Ɗakin da Ba a Jin Kira

Widuri tana gyara zaman furanni a falon ƙasa, Darto maigadi ya leƙo ta ƙofar gilashi yana yafito ta da hannu.

"Mbak Widi, wani tsoho ne a bakin get, wai 'yarsa yake nema, wadda ta gina gidan nan." Ya danne dariya. "Na ce masa kamfani ne ya gina, ya ce a'a, Widuri ce. Har da tsintsiyarsa ya zo."

Ta ajiye furannin a karkace ta bi bayansa, takalminta mai tsini yana ƙwas-ƙwas a kan daɓen marmara.

Yau Asabar ce, ranar buɗe gidan nuni na Taman Kirana, sabuwar unguwar masu hannu da shuni da kamfaninsu ke ginawa a gefen Jakarta. Gida ɗaya aka gama aka ƙawata don masu saye su zo su gani su yi sha'awa. Ba mai kwana a cikinsa. Littattafan da ke jere a kanta kwali ne, firij babu ko wuta, famfon banɗaki in ka murɗa sai iska. Abu ɗaya ne na gaske daga sama har ƙasa, shi ne ɗakin kallo, kuma shi ne aikin farko da aka damƙa wa Widuri ita kaɗai. Pak Gunadi, shugaban sashen ciniki, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ɗakin ya ja masu saye, ita za ta tsara na sauran gidajen unguwar duka.

A ofis kowa ya san mahaifinta yana harkar gonaki a wajen birnin Solo. Haka ta faɗa, kuma ba ta taɓa gyara wa wanda ya ɗauka manyan gonaki ba ne. Ga shi nan yanzu a gindin get, Pak Wagiman manomin rogo daga tudun Wonogiri, cikin rigarsa mai zanen batik ta zuwa biki wadda wuyanta ya koɗe. Tabarma naɗe a hammata, tsintsiyar kwakwa a hannu, ga wani buhu a ƙasa da bakin butar ƙasa ya leƙo ta samansa.

"Nduk," ya ce, fuskarsa duk ta washe. Da sunan nan na 'ya mace yake kiranta tun tana goye. "Kin ga na iso kafin a shiga, ko?"

"Bapak, me ya kawo ka? Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Ke kika ce min ranar Asabar za ku buɗe gidan. Na ce, yarinyar nan ta zauna a birni har ta manta. Ana shiga sabon gida ba a share shi ba, ba a kunna masa fitila ba? Da mahaifiyarki na raye ita za ta zo. To babu ita, sai ni." Ya daki buhun. "Ruwan rijiyarmu ne a butar. Ga shinkafa, ga fitila. Duk daren jiya a cinyata na riƙe butar, direban bas ɗin nan kamar aljanu ke bin sa."

Darto ya juya kai gefe, kafaɗunsa na rawa.

Widuri ta dubi titi. Motar farko ta riga ta shawo kwana, baƙa wuluk, tana tafe a hankali kamar mai tsoron ƙura. Ta fizgi buhun.

"Zo mu je, Bapak. Ta nan."

Ta bi da shi ta ƙofar baya, wadda masu kawo abinci ke bi. A bakin ƙofar ya tsaya ya tuɓe silifas ya riƙe a hannu. Yana tafe yana ɗaga kai, yana taɓa bango da yatsa ɗaya.

"Duk ke kika yi wannan?"

"Ɗaki ɗaya ne nawa. Yi sauri."

A ƙarshen barandar ciki akwai bango mai sulɓi na katakon jati mai tsada, ba alamar ƙofa ko kaɗan. Ta danna ƙaramar kwamfutar hannu da ke sarrafa gidan, wani sashe na bangon ya buɗe ba ƙara. Kujerun fata jajaye a jere hawa-hawa, rufi mai ƙananan fitilu kamar taurari, allon majigi ya cinye bango guda. An rufe jikin ɗakin da ƙyalle mai laushi, lasifikoki a ɓoye a bayansa. Ko mariƙin ƙofa babu ta ciki. Ita da kanta ta sa kafinta ya cire shi makon jiya, domin yana ɓata kyan bangon a hoto. Gidan nuni ne, wa zai zauna a ciki shi kaɗai?

"Zauna a nan, Bapak. Yanzu zan dawo in kai ka masaukina ka huta."

"To sharar fa?"

"In na dawo."

"Ki je, Nduk, kar manya su jira ki."

Ta ja ƙofar ta rufe. A tsarin ranar, sama za a fara hawa, a ci abinci, sai a ƙarshe a zo ɗakin kallo. Tana da isasshen lokaci. Da baƙi sun hau bene za ta fito da shi ta baya, ta tsayar masa da tasi, shi ke nan ba wanda ya gani.

Tana isa falo Pak Gunadi ya zare kwamfutar daga hannunta ko kallonta bai yi ba.

"Ina kika shiga? Bu Marlina ta iso. Ki saki fuska."

Bu Marlina matar mai ma'adinan kwal ce daga Kalimantan, gajeriya mai kauri, jakarta kaɗai ta isa sayen gonar Bapak da ta maƙwabcinsa. Gida uku take nema, kowane ɗa da nasa. Ta shigo da ƙawayenta biyu suna fifita da takardun tallar gidan, sauran baƙi na biye da su.

"Pak Gun, kar ka wahalar da gwiwata da bene," ta ce. "Ɗakin kwana duk ɗaya ne. Ɗakin fim ɗin nan da kuke ta cika baki da shi za ka nuna min. Maigidana da 'ya'yansa ba sa kallon komai sai yaƙi. Shekara da shekaru ina kwana a fagen daga, ni da ban shiga soja ba."

Aka yi dariya. Pak Gunadi ya fi kowa.

"Kin zo gidan da ya dace, Bu. Bismillah, ta nan."

Widuri ta matsa kusa da shi.

"Pak, da an fara da sama, kamar yadda aka tsara."

"Bu Marlina ce tsarin," ya ce ta gefen baki, murmushinsa bai motsa ba.

Suka tsaya a gaban bangon katako, mutum kusan ashirin. Widuri ta zaci buɗewa zai yi, har ta fara haɗa abin da za ta ce. Sai ta ga yatsansa ya wuce wurin buɗe ƙofa, ya taɓa fim, ya ja ƙarar sauti har ƙarshe. Ta san wasan. Ita ta koya masa shi ranar gwaji, ita ta zaɓi fim ɗin, wurin da jiragen yaƙi ke ruwan bama-bamai a kan gari. Ranar gwajin sai da suka toshe kunne da auduga kafin su shiga.

Pak Gunadi ya ɗora yatsa a leɓe. Kowa ya yi tsit.

"Me kuke ji?"

"Ba komai," in ji ɗaya daga ƙawayen.

"To a bayan bangon nan yanzu ana yaƙin duniya."

Ba a jin komai ɗin kuwa, sai wata 'yar girgiza da ke hawowa ta tafin ƙafa. Widuri ta buɗe baki. 'Yan kalmomi ne kawai, a kashe, akwai mutum a ciki. Ta dubi jakar Bu Marlina, ta dubi abokan aikinta da ke jere da katin suna a ƙirji, ta tuna tsintsiyar. Bakin ya koma ya rufe.

"Ga wadda ta tsara shi," in ji Pak Gunadi. "Mbak Widi, yi wa Bu bayani."

Ta yi bayanin. Muryarta ta fito sumul kamar ba tata ba. Bango biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, ba sa taɓa juna. Tsakaninsu an cusa auduga ta musamman. Daɓen a kan roba yake zaune, ƙofar kuma nauyinta ya kai na mutum uku. Tana cikin magana wayarta ta soma rawa a aljihun siket. Ba ta buƙatar dubawa, ta san Bapak ne. Ta ɗora tafin hannu a kai ta danne, ta ci gaba da zancen lasifika. Wayar ta yi shiru, ta sake somawa.

"To ni tambayata," in ji Bu Marlina, "in maigidana yana ciki yana ƙwala min kira in kawo masa shayi, zan ji?"

"Ba za ki ji ba, Bu."

"Ko ya yi ta ihu?"

"Ko ya yi ta ihu."

"Alhamdulillahi. Yarinyar nan Allah ya yi miki albarka."

Aka sake fashewa da dariya. Wata ta tambayi kalar kujeru, wani ya tambayi ko ana iya waƙa da makirufo a ciki. Pak Gunadi yana amsawa a tsanake, yana jan lokaci don abin ya ƙara armashi. Wayar da ke aljihun Widuri ta daina rawa. Wannan shirun ya fi rawar tayar mata da hankali.

"Yanzu ku riƙe zukatanku," in ji Pak Gunadi, ya danna.

Bangon ya buɗe, ƙara ta fito ta daki mutane kamar an watsa musu ruwa. Mata suka ja da baya suna toshe kunne. Pak Gunadi ya bar ta ta ɗan yi, sannan ya kashe, fitilu suka kawo.

Bapak bai zauna a kujerun fata ba. Yana can lungu a ƙasa, a kan tabarmarsa, ya haɗa kai da gwiwa, yatsunsa a cikin kunnuwa, leɓunansa na motsi. Fitilar kananzir tana ci a gefensa. Kafet ɗin kuwa an share shi tas, ga sawun tsintsiya layi-layi daga allo har bakin ƙofa, kowace kusurwa da ɗan danshin ruwan da aka yayyafa. A jikin ƙyallen ƙofar, daidai inda mariƙi ya kamata ya kasance, Widuri ta ga inda tafin hannu ya yi ta shafawa yana lalube har gashin ƙyallen ya kwanta.

"Wane ne wannan?" Muryar Pak Gunadi ta yi ƙasa, irin ƙasan da ma'aikatansa suka fi tsoro. "Wa ya bar shi ya shigo? Mbak Widi?"

Tsohon ya ɗago a hankali. Idanunsa sun yi ja, sun yi ruwa. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan tata, ya tsaya. Widuri ba ta san me ya gani a wurin ba, amma ta ga lokacin da ya gane. Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango, ya hura fitilar ta mutu, ya naɗe tabarmar.

"Mai shara ne ni, Pak," ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "An ce in share ɗakin. Ƙofa ta rufe. A yi haƙuri, Pak. A yi haƙuri, Bu."

Ya ranƙwafa, hannun dama a miƙe ƙasa kamar yadda ake wucewa a gaban manya, ya ratsa tsakiyarsu da tsintsiyarsa da buhunsa. Ya wuce ta gaban Widuri har gefen tabarmar ya goge ta, bai dube ta ba.

"Wayyo, bawan Allah," in ji Bu Marlina. Ta zaro takardar kuɗi ta cusa masa a aljihun riga, sannan ta juya ga ƙawayenta. "Kun gani ko? Mutum a ciki, ko tarinsa ba mu ji ba. Pak Gun, kawo takardunka, gidajen nan uku na ɗauka."

Aka tafa. Pak Gunadi ya matso kusa da Widuri, fuskarsa ta dawo daidai.

"Kin ci sa'a. Gobe zan ji wane kamfanin shara ne ya turo mana wannan da fitilar kananzir. Ɗauke tulun can ki jefar kafin wani ya yi tuntuɓe."

Butar ƙasa ce, ya manta da ita a lungu. Widuri ta ɗauka. Da sauran ruwa a ciki, da sanyinsa, bakin a toshe da ganyen ayaba yadda mahaifiyarta ke yi. A wuyan butar akwai tsohon tsagu da aka liƙe da siminti, ita ta fasa wurin tana 'yar firamare. Ta tsaya riƙe da ita, kunya ta rufe ta. Baƙi suna ta zama a kujeru suna gwada maɓallin miƙe ƙafa. Ta ratsa su ta fita.

Ta sami Bapak a farfajiyar gaba, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ado, yana ƙoƙarin zura silifas. Ta ƙofar gaba ya fito, bai san hanyar baya ba. Masu abinci sun jera tebura a baranda, baƙi sun fara fitowa da faranti a hannu.

"Bapak," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka yafe min."

Bai juyo ba. Ta taɓa kafaɗarsa, ya zabura.

"Ka yafe min, Bapak."

Ya kalli bakinta, ya karkato da kunnen dama. "Me? Wani abu ke kuka a kunnena kamar gyare." Sai ya hango mutanen baranda, ya ja da baya taku ɗaya, ya ɗaga murya. "Na gode, Mbak, butata ce. Koma bakin aikinki, Mbak."

Mbak, kiran girmamawa irin na bare, kamar yadda Darto ke kiranta. Ta sake faɗa, wannan karon da ɗan ƙarfi, ya girgiza kai bai ji ba. Ta ga babu wata murya da za ta isa kunnensa ba ta isa baranda ba.

Ta ajiye butar. Ta durƙusa a kan duwatsun farfajiya, siket ɗinta ya yage a gefe, ta kama gwiwoyinsa ta kifa goshinta a kai, yadda 'ya'ya ke yi wa iyaye ranar Sallah a garinsu. Rabonta da yin haka tun mahaifiyarta na raye.

"Bapak, ka yafe min!"

Cokula suka daina ƙara a baranda.

"Tashi, Nduk," ya ce, ya manta da Mbak ɗin. "Tashi, ana kallon ki. Za ki ɓata aikinki."

Ta tashi, amma ba don ta koma ba. Ta juya ta fuskanci baranda. Pak Gunadi yana tsaye da takardu a hannu, Bu Marlina da biro.

"Ba mai shara ba ne, Bu. Mahaifina ne, Pak Wagiman. Daga Wonogiri ya kwana a mota don ya sa wa gidan albarka. Ni na rufe shi a ciki don kar ku gan shi. Ina tsaye ina yi muku bayani yana kira na a waya. Ƙofar ba ta da mariƙi ta ciki. Ni na sa aka cire."

Bu Marlina ta dubi tsohon, ta dubi aljihun rigarsa inda kan takardar kuɗinta ya leƙo, ta kau da kai. Ta mayar wa biron murfinsa.

"Ina da jikoki ƙanana, Pak Gun," ta ce. "Ba sa zama wuri ɗaya."

"Abin gyara ne na rabin yini, Bu, kafinta kawai za a kira." Ya juyo ga Widuri, bai ɗaga murya ba. "Ki same ni a ofis ranar Litinin."

"To, Pak."

Ta ɗauki buhun da butar. Darto ya buɗe musu get, wannan karon ba dariya, har ya ɗan sunkuya wa tsohon, ya fita titi da kansa ya tsayar musu da tasi.

A cikin motar ta zauna ta damansa, wajen kunnen da ya fi ji. Ta ce wa direba ya fara biyawa da su asibitin kunne. Bapak ya zaro takardar kuɗin daga aljihu ya juya ta, ya miƙa mata.

"Ki mayar wa matar nan. Ban yi mata aiki ba."

Ta karɓa. Suka wuce jerin gidajen da ba a gama ba, ƙarafa a tsaye, leburori na cin abinci a inuwar allon talla.

"Wai gidan na wane ne?" ya tambaya, har direba ya waiwayo saboda ƙarfin muryar.

Ta kai bakinta kusa da kunnensa. "Ba na kowa ba ne, Bapak. Na nunawa ne kawai."

Ya jinjina kai. "Shi ya sa. Na yi ta shara ban samu ko ƙwayar shinkafa ba." Ya gyara zaman butar a cinyarsa. "Ke a ina kike kwana?"

"Ɗaki ɗaya nake haya, a bayan kasuwa."

"An share shi da kika shiga?"

"A'a."

"To da sauran ruwa."

Ya jingina da kujera har suka hau babban titi. Ta zaci barci ya ɗauke shi, sai ta ji ya taɓa hannunta.

"Amma majigin nan, Nduk, da gaske ke kika haɗa shi? Sau ɗaya na buɗe ido. Jirgin nan kamar zai fito ya taka ni, har ƙusoshin jikinsa na gani." Ya yi 'yar dariya. "In na koma sai na ba su labari a masallaci. Ba za su yarda ba."

Widuri ta sunkuyar da kai, ta ƙura wa tsagun da ke wuyan butar ido. Har suka isa asibitin ba ta iya ɗagowa ba.